Kubura Ta Ƙi Tsallakawa

Jaririn Sakina ya koma ranar Laraba da hantsi, kwanansa huɗu a duniya. Tun Talata ya ƙi kama nono, bakinsa ya ɗaure, jikinsa ya sandare. Kubura ce ta yanke masa cibiya, ita ce kuma ta rufe masa ido. Ta naɗe shi a farin ƙyalle ta miƙa wa maza a bakin zana, sannan ta dawo ta hura wuta ta ɗora tukunya, don rasuwar ɗa ba ta ɗauke wa mai jego wanka.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan Kubura tana karɓar haihuwa a gidan Manu, babban gidan gandu da ke gabashin Dudunni, da gidajen da ke kewaye da shi. Matar ƙanen Manu ce, marigayi Jaji. Sakina kuwa matar Shehu ce, babban ɗan Manu, wanda ya yi elemantare yake aikin rubutu a gidan hakimi a Kankiya. Wannan ne ɗansu na fari.

Da aka dawo daga maƙabarta, Manu ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa. Can ya ɗaga hannu yana lanƙwasa yatsu, kamar mai magana da kansa, amma da muryar da za ta kai har ƙofa.

"Tara ke nan," in ji shi. "Tara a hannun mace guda. Rahamatu kau tun da ta hwara, biyu kaɗai suka koma a hannunta."

Rahamatu ƙanwarsa ce, wadda ta dawo gida zawarci ta zauna, ita ma takan karɓi haihuwa in an kira ta. Manu bai ƙara ko kalma ba. Haka halinsa yake: ba ya faɗin mummunar magana da bakinsa, sai dai ya ajiye ta inda wani zai ɗauka. Kafin magariba kuwa an ɗauka. Kalmar mayya ta shiga gidan ta bakin mata a gindin turmi, ta fita ta bakin masu zuwa rijiya.

Washegari Kubura ta ɗauko ganyen wanka za ta shiga ɗakin Sakina, ta tarar da Rahamatu a bakin ƙofa.

"Ki huta, Kubura. Ni zan yi mata."

"Na ce maki na gaji?"

"Yaya ya ce ki huta." Rahamatu ta kau da kai. "Ni dai ban ce komi ba, Allah shi ne shaida. Amma kin san bakin mutane."

Kubura ta ajiye ganyen a ƙasa ta juya. A ranar ta ɗauka zafin rashi ne, zai wuce kamar yadda yake wucewa.

Bai wuce ba. Kwana biyu sai ta ga an rataye moɗa daban a gefen randa, an ce tata ce. Da ta ratsa tsakar gida sai iyaye su kira 'ya'yansu, yaran da ita ta wanke su da hannunta tun suna jajaye. Tuwonta da ake kawo mata har ɗaki aka koma ajiye shi a bakin ƙofa, mai kawowa ta ruga ba ta ko yi sallama ba. Daddawar da take kaɗawa, wadda har daga Kusada ake aiko saye, ta bushe a faifai ba mai tambaya. A maƙwabta aka yi haihuwa biyu, ta ji guɗa daga ɗakinta, ba wanda ya leƙo kiran ta.

Ranar da aka cika mako uku Manu ya aiko a ce ta kwashe kayanta. Wai ɗakinta ya yi kusa da na yara, kuma dama yana son ya zuba gyaɗa a ciki. Aka ba ta wata bukka a bayan turken awaki, inda ake ajiye harawa. Rufin ya zube gefe guda, ƙuma kuwa kamar an shuka su. Lawal ne ya ɗaukar mata gadon kara da tukwane. Shi kaɗai ya rage mata a gidan cikin 'ya'yanta maza uku, tun da aka kwashe su aikin kuza a Jos lokacin yaƙin Turawa. Shi ya dawo da tari, sauran biyun ba su dawo ba.

"Lawal, kana kallo?"

"Inna, ki yi haƙuri." Ya yi tari ya share baki. "In na ɗaga murya ina zan noma? Gonar gandu a hannunshi take. Ki bari ƙurar ta kwanta."

Ta dube shi ta ga ƙasusuwan wuyansa. Ta ce ya ajiye gadon can gefen da ba ya yoyo.

Kowa a gidan nan yana da uzurinsa, kuma kowane uzuri da tsabtarsa ya zo. Malam Maharazu limamin unguwa ya ce zato zunubi ne, babu shakka, amma kauce wa fitina ya fi, ta ɗan ja jiki har Allah ya kawo mafita. Shehu da ya zo daga Kankiya ranar Juma'a ya tsaya nesa da bukkar, hularsa a karkace, ya gaishe ta kamar mai gaida baƙuwa.

"Inna, ni kin san ban yarda da camhi ba. Mun yi karatu. Amma lissahi ba shi ƙarya. Tara da biyu ba ɗaya ba ne."

"Haka aka koya maku a makarantar?"

"Haka ne."

"To Allah shi ƙara ilimi," in ji ta.

Duk wannan ta shanye. Kubura mace ce mai taurin rai, ta binne miji, ta ga yunwa, bukka ba za ta kashe ta ba. Abin da ya karya ta ya zo ne ranar wata Lahadi da azahar, lokacin da ta ɗaga kai ta ga 'yarta Haulatu tsaye a bakin turke, da ƙunshin kaya a ka da cikin wata bakwai a gaba, ƙafafunta sun kumbura saboda tafiya daga Bauranya, garin mijinta.

"Lahiya? Ina ɗiyan?"

Haulatu ta sauke kayan ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Surukinta Gajere ne ya ce ta zo gida ta huta. Ba saki, ba faɗa, ta huta dai. 'Ya'yanta biyu kuwa an riƙe su. Labari ya kai can, kuma kowa ya san abin da ake cewa: maita a nono ake shan ta. In uwa mayya ce, to 'yar ma ita ce. Ƙaramin yaron ya biyo ta da gudu har bakin gari, kakarsa ta fizge shi.

Kubura ba ta yi kuka ba. Wani irin fushi ne ya taso mata, mai sanyi, irin wanda ba ya sa mutum ihu. Ta jiƙa wa 'yarta ƙafa a ruwan ɗumi, ta raba mata tuwon da ko ita kaɗai ba ya isar ta.

A wannan makon ne zazzaɓin Sakina ya tsananta. Tun bayan haihuwa ba ta warware ba, yanzu kuma jiki ya yi zafi rau, tana sambatu. Cikin sambatun ta kira sunan Kubura sau biyu. Yarinyar da Kubura ta riƙe kwana da yini tana naƙuda, wa za ta kira in ba ita ba? Amma gidan ya ji abin da yake son ji. Da safe Rahamatu ta zo da saƙo, ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Yaya ya ce bayan la'asar za a fito da Sakina tsakar gida, Kubura ta tuɓe ta tsallaka ta sau uku a gaban liman, ta sakar mata kurwa.

Al'adar ke nan in ana zargin mutum da kama kurwar wani, kuma tarko ne mai baki biyu. In ta tsallaka, ta amsa da ƙafarta cewa ita mayya ce, Haulatu ta rabu da 'ya'yanta har abada. In ta ƙi kuma Sakina ta mutu, an ce ita ta cinye ta.

Rahamatu ta tafi. Kubura ta jawo ƙwaryar waken da ta noma a gayaunarta, fari da ja a gauraye, tana tsincewa don hannu ya sami abin yi. Ta ɗebo tafi guda ta ga ja biyu. Ta sake ɗebowa ta ga shida. Ta sake, uku. Ta tsaya tana kallon tafin hannunta.

"Haulatu, wagga ƙwarya guda ce ko biyu?"

"Guda ce mana, Inna."

"To mi ya sa wani tahin ja biyu, wani shidda?"

"Haka dai ya zo."

"Haka dai ya zo," Kubura ta maimaita. Ta zuba waken a zane ta ƙulle, ta tashi ta nemi faifai.

Bayan la'asar gidan ya cika. An shimfiɗa wa Sakina tabarma a gindin durumi an lulluɓe ta. Manu yana zaune bisa buzu, liman a damansa, Shehu tsaye a bayansu. Mata sun jeru a jikin zana, maƙwabta suna leƙe ta saman danga. Kubura ta fito da zanenta ɗaure tamau a ƙirji da mayafi a ka, ƙwarya a hannu. Ta durƙusa ta gaida Manu kamar yadda matar ƙane ke gaida yayan miji, sannan ta zauna daram a ƙasa.

"Ba zama aka kira ki ba," in ji Manu.

"Na sani, Yaya. Ba ni tsallakawa. Ko yau, ko gobe."

Aka ɗauki salati. Ita kuwa ta kwance ƙullin waken.

"An ce tara suka koma a hannuna. Gaskiya ne, ban musa ba, kowane da sunan uwarshi a bakina. Amma tun da aka hwara ƙirga matattu, ba wanda ya ƙirga rayayyu. Yau za a ƙirga su. Duk wadda na yi ma ƙarya ta tsaida ni."

Ta fara kiran haihuwa ɗaya bayan ɗaya, tun daga ta farko shekarar da fara ta ci gero. Ta faɗi uwa, ta faɗi ɗa. In ya rayu har suna ta ajiye farin wake a faifai, in ya koma ta ajiye ja. Da farko matan sun yi gum. Da ta kai kan wata Ladi sai uwar ta ce "haka ne" ba ta san ta faɗa ba. Daga nan amsa ta riƙa fitowa daga jikin zana. Farin wake na uku da ta ajiye, ta ɗaga ido ta dubi Shehu.

"Wanga kai ne. Da ƙahwa ka zo."

Da ta gama, wake talatin da shida ne a faifan, tara ja. Ta juya ga Rahamatu ta ce ta kira nata. Rahamatu ta dubi yayanta, ta dubi ƙasa, sannan ta kira. Sha biyu ne, biyu ja.

"To, malamin lissahi," in ji Kubura, "auna muna."

Shehu ya matso, ya motsa baki yana lissafi. Gaskiya ta sa ya ɗan ji kunya, amma bai saki ba.

"Naki guda cikin huɗu ne, Inna. Na Goggo guda cikin shidda. Bai kai yadda aka ce ba, amma har yanzu naki ya hi."

"Ya hi. Ni ma na gani."

Ta ɗauki faifan nata da na Rahamatu ta juye su duka a ƙwarya guda, ta rufe da faifai, ta girgiza.

"A ce hannuna da na Rahamatu duka ɗaya ne, ba mai albarka ba mai mugun abu. To ɗiyan ga arba'in da takwas ƙwarya guda suke, sha ɗaya a cikinsu ba masu zama ba ne, ko wa ya karɓe su. Rahamatu, sa hannu ƙarƙashin hwaihwai, kada ki duba, ki ɗebi rabonki sha biyu. Abin da ya saura nawa ne. Mu ga ja nawa ka bin ki."

Malam Maharazu ya gyara zama. "Kubura, wanga ba duba ba ne kau?"

"Allah shi gahwarta Malam, ba gaibu nike tambaya ba. Abin da ya riga ya wuce nike aunawa."

Rahamatu ta sa hannu ta ƙirgo sha biyu. Ja uku. Aka mayar, aka girgiza, ta sake. Ja biyu.

"Biyu gare ta, tara gare ni," in ji Kubura. "Daidai abin da aka kore ni bayan turke saboda shi. Wa ya ci kurwar wake?"

Aka sake. Huɗu. Aka sake. Ɗaya, wato goma sun rage wa Kubura, fiye ma da abin da ake tuhumar ta. Sai uku, sai biyu, sai kuma biyar.

"Biyat cikin sha biyu! Rahamatu, yau ke ce mayyar. Tuɓe ki tsallaka."

Wata daga jikin zana ta fashe da dariya ta toshe baki. Sau goma aka ɗeba, sau huɗu Rahamatu ta fito da biyu ko ƙasa da haka, alhali ba hannun da ya taɓa waken sai nata. Shehu ya tsuguna a gaban ƙwaryar, hular ta koma hannunsa.

"Baba," ya ce a hankali, "bambancin ga ba komi ba ne. Ko ba kowa a ciki, yana zuwa haka."

Da Manu ya yi shiru a nan, da ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma mutumin da ya saba a ce masa to ba ya gane lokacin yin shiru. Ya yi tsaki ya kaɗa hannu.

"Wasan yara! In haka ne ai kowane bambanci a duniya sai a zuba wake a ce rabo ne. Wakenki ba abin da shike iya nunawa."

Kubura ta daɗe tana kallon sa. Shekara biyar tana riƙe da wata magana saboda kunyar yayan miji, kuma ga shi da kansa ya buɗe mata ƙofa.

"A'a, Yaya. Akwai bambancin da wake ba shi iya kawowa. Bari in gwada maka guda."

Ta juye ƙwaryar ta share faifan.

"Shekarar yunwa, da Turawa suka aiko a ba da maza aikin kuza, kai ka ba da suna. Ɗiyan Jaji uku ka ba da, naka ko guda. Sashenmu ya saura mata da yara. Kai kaɗai ka hawa rumbu. Yara ƙanana a gidan ga ashirin da huɗu ne, sha huɗu sashenka, goma sashenmu. A naka, kahin kaka, guda aka binne."

Ta ajiye farare goma sha uku da ja ɗaya. Sannan ta ajiye farare huɗu a gefe, ta ɗebi ja a hannu, muryarta ta sauya.

"Basiru. Maimunatu. Zinariya, da ta mutu da ɓawon gyaɗa a baki. Babba. Dauda. Da mai sunan Malam, wanda ko sunanshi ban iya kira."

Shida. Lawal da ke can baya ya dafe kai ya zauna a ƙasa, uku daga ciki nasa ne. Kubura ta tattara waken ashirin da huɗun ta zuba a ƙwarya.

"Shehu, kai ka yi karatu, kai za ka ɗiba. A ce yunwa ba ta san sashe ba, duka ƙwarya guda. Ɗebi goma, rabon sashenmu. In ja shidda sun biyo ka ko sau guda cikin goma, ni da kaina zan tuɓe in tsallaka."

Shehu ya sa hannu. Uku. Biyu. Huɗu. Uku. Ɗaya. Ba mai dariya yanzu, ba ka jin komai sai ƙarar wake a ƙwarya da nishin Sakina. Ya cika goma bai tsaya ba. Sau ɗaya ya sami biyar, har wasu suka miƙa wuya, daga nan ya koma biyu da uku. Ya kai ashirin, ya wuce. A shekarar yunwar shi yana makaranta, ana aika masa da fura da ƙuli duk ranar kasuwa, kuma yanzu ne ya fara tambayar kansa daga wane rumbu. A ɗiba ta talatin ya janye hannu, zufa na bin goshinsa.

"Ba ta hitowa, Baba."

"Ƙyanda ce ta kashe su!" Manu ya ɗaga murya. "Kowa ya sani. Shekarar kowa ya ji jiki."

"Ƙyandar ta shiga sashenka ita ma," in ji Kubura. "Duka sha huɗun ta kwantar, guda ta ɗauka. Wake bai kira sunanka ba, Yaya, ba shi da baki. Cewa ya yi dai wanga ba rabo kaɗai ba ne, akwai wani abu. Wani abun kau ni na gan shi da idona."

"Ƙarya kike!"

"Ba ƙarya ba ne."

Ba Kubura ce ta faɗa ba, Rahamatu ce. Tana tsaye, hawaye na zuba, ta daina kallon ƙasa.

"Ni nike kai damin. Uku sashenka, guda sashensu, duk kwana huɗu. Na ce maka ba shi isa, ka ce masu noma su ka ci. Ni na kai, Yaya, da kaina na ɗauka."

Manu ya dubi liman neman agaji. Malam Maharazu ya yi gyaran murya ya ce abin da ya wuce ya wuce, a rufe maganar nan cikin gida, Kubura ta koma ɗakinta, a yi addu'a. Manu ya yi wuf ya kama.

"To, ta koma ɗakin. A kwashe gyaɗar."

"Ɗaki bai dame ni ba," in ji Kubura. "Sunan da ka liƙa mani ya riga ya kai Bauranya, ya raba ɗiyata da ɗiyanta. Ƙahwarka za ta je ta ɗauko shi. In ba haka ba, gobe ni da ƙwaryar ga muna gaban alƙali a Kankiya, in kira mashi sunan shidda." Ta juya ga Shehu. "Kai kau tashi ka nemi jaki. Matarka ba kurwarta aka kama ba, ciki ne bai wanku ba. Ka kai ta ɗakin magani tun da sauran rana."

Shehu ya tafi da Sakina a ranar. Ta yi wata guda kafin ta miƙe, ta kuwa miƙe. Amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin shaidar Kubura. Da Sakina ta mutu a hanya, Kubura ba ta ci kowa ba.

Ba wanda ya hukunta Manu, wannan ya kamata a faɗa. Bai kwana a gidan yari ba, ba a raba gandu ba, rumbu ya ci gaba da zama a hannunsa. Wanda ya tauye wa yara abinci har shida suka mutu, gari bai taɓa kiran sa da wani suna ba sai maigida. Wadda ta fito da yara ashirin da bakwai lafiya, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a jefa ta cikin awaki. Har yau kuwa akwai masu cewa laifin Kubura ne babba, wai ta tozarta yayan miji a gaban jama'a, ba ta da kunya. Kunyar ai ta yi ta, shekara biyar cur, kuma mun ga abin da ta saya mata.

Washegari da sassafe suka kama hanyar Bauranya, Manu a gaba da sandarsa, Haulatu a tsakiya bisa jakin Lawal, Kubura a baya da ƙunshin kaya a ka. A zauren Gajere aka tara dattawan gidan. Kubura ta tsaya daga waje, jikin ƙofa, inda za ta ji. Bayan doguwar gaisuwa Manu ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gero, ya tambayi ruwa, daga bisani ya ce maganar da aka ji game da uwar yarinya ba haka take ba, kuskure aka yi.

"Wa ya yi shi?" Muryar Kubura ta shigo daga waje.

Dattawa suka dubi juna. Gajere ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

"An dai yi kuskure," in ji Manu.

"Yaya, wa ya yi shi?"

Jaki ya yi kuka a waje.

"Ni na yi," in ji Manu. "Ni na hwaɗa, kuma ba gaskiya ba ne."

Gajere ya aika cikin gida. Ba a jima ba yara biyu suka fito a guje, ƙaramin ya faɗa jikin uwarsa har ta kusa faɗuwa. Kubura ta ɗaga shi ta duba idonsa da cikinsa kamar yadda ta saba duba kowane yaro, ta ce an bar shi da majina, sannan ta miƙa wa Haulatu kayanta.

A hanyar dawowa su biyu ne kaɗai, rana ta take. Sun wuce gonakin Bauranya, sun shiga turbar da ke ratsa dawa, sai Manu ya rage tafiya. Bai waiwayo ba.

"Kubura, ki yahe mani."

"Na bukka na yahe, da na moɗa, da na tuwon bakin ƙohwa," in ji ta. "Na shidda kau ba ni ka ci ma haƙƙi ba. Ba ni da ikon yahe maka abin da ba nawa ba."

Ya tsaya cak a tsakiyar turba. Turbar ƙarama ce, mutum ɗaya take ɗauka. Kubura ta ratsa ta cikin dawa ta wuce shi, ta ci gaba da tafiya a gaba har Dudunni.